Yadda na tsayar da 'yata kusa da kakanta a hoto

Baba ya rasu saura wata bakwai a haifi 'yata, don haka babu hoton da ya taɓa haɗa su. Hotonsa mai kyau guda ɗaya ne ya rage mana, wanda aka wanke a takarda tun da daɗewa. Yana zaune a kujera, hannunsa na dama a kan gwiwa, gefensa fili ne babu kowa. Wannan filin ya daɗe yana tsaya mini a rai, har ranar da na ce bari in gwada tsayar da yarinyar a wurin.

Da GIMP na yi aikin. Manhajar gyaran hoto ce ta kyauta, wasu ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995 a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, har yau kuma 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita. A cikinta kowane hoto yana zama a shimfiɗarsa, ɗaya bisa ɗaya. Na sa na Baba a ƙasa, na yarinyar a sama.

Da magogi na fara share bayanta, kuma nan na yi ɓarna. Na ci mata gefen kunne da gashin ƙeya, ban lura ba sai da na adana na rufe, abin da ya tafi kuwa ya tafi. Da na sake farawa sai na koma ga abin da manhajar ke kira Layer Mask, ni dai mayafi nake ce masa. Ka shafa masa baƙi, wurin ya ɓuya. Ka shafa fari, ya dawo yadda yake. Maɓallin harafin X ne ke musanya launukan biyu, yatsana bai bar kansa ba. Na ƙara girman hoton zuwa kashi 400 cikin ɗari, na ɗauki burushi mai laushin baki, na bi gashinta sili-sili. Dare biyu na yi a kan gashin nan kaɗai.

Da na gama, yankan ya fita tsaf, amma kallo ɗaya za ka yi ka san liƙa ta aka yi. Na daɗe ina duba kafin in gano dalili. Hasken da ke fuskar Baba daga hagu yake zuwa, nata kuwa daga dama. Ido yana kama wannan tun kafin mutum ya san me ya gani. Na juya hotonta hagu ya koma dama, nan take suka zama kamar rana ɗaya ce ta haska su.

Saura tsufa. Hoton Baba ya koɗe, ya yi ja-ja-ja, ga ɗan tsakuwa-tsakuwa irin na fim, ita kuwa tata wayar zamani ce ta ɗauka, komai tar. Na rage mata ƙarfin launi, na ɗumama shi, na dusashe ta kaɗan, na yayyafa mata tsakuwar. Ban taɓa fuskar Baba ba, ko tabo ɗaya ban goge ba, domin a haka na san shi. Daga ƙarshe na buɗe sabuwar shimfiɗa na zana inuwa siririya a ƙarƙashin ƙafafunta, na rage kaurinta har ta kusa ɓacewa. In babu inuwar, sai ka ga yarinya tana lilo a iska.

Na adana aikin a XCF, wato tsarin fayil na GIMP, don shimfiɗun su zauna a rabe, na fitar da kwafi a JPG na kai aka wanke. Duk wanda na nuna wa sai na fara gaya masa haɗawa na yi, ba na son wani ya ɗauka sun taɓa ganin juna. Umma ma na gaya mata kafin in miƙa. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsa a goshin Baba, ta mayar kan goshin yarinyar, ta ce, "Ashe nasa ta ɗauko."