Ƙaro, kitozan da kuncin rago: aikin da na yi a Yamai

Abin da ya kai ni ga wannan aiki shi ne yaron da jijjiga ta kama, haƙoransa sun datse, ba ya iya haɗiye komai, kuma babu mai yin allura a kusa. A irin wannan hali ana ɗiga maganin midazolam tsakanin kunci da dasashi, domin fatar cikin kunci cike take da ƙananan jijiyoyin jini, kuma abin da ya ratsa ta yana shiga jini kai tsaye ba tare da ya fara bi ta hanta ba, inda ake karya kaso mai yawa na maganin da aka haɗiye. Cikas ɗin shi ne miyau, wanda baligi ke fitar da lita 0.5 zuwa 1.5 a rana, yana wanke duk abin da aka ajiye a baki. Sai na ƙudurta yin ɗan siririn falle da zai manne wa kunci, yana sakin magani sannu a hankali.

Da ƙaro na fara, saboda namu ne, kuma duk wanda ya taɓa ƙaron dakwara ya san danƙonsa. A nan na yi kuskuren farko, domin danƙo a yatsa daban, mannewa a jiƙaƙƙiyar fata daban. Ƙaro yana narkewa cikin ruwa da sauri, fallen ya zame cikin ƴan mintuna. Na koma ga kitozan, wanda ake samu daga ɓawon kaguwa da jatan lande, ana narkar da shi cikin tsarmin ruwan asid asetik, wato sinadarin tsamin da ke cikin binega. Kitozan yana ɗauke da cajin lantarki mai kamawa da musin, wato sinadarin yauƙin da ke lulluɓe da fatar baki, tunda cajinsu ya saɓa. Na yi tunanin haɗa su biyun, amma da na zuba ƙaro a kan kitozan sai suka dunƙule kamar madarar da ta tsinke, domin cajin ƙaro irin na musin ne. Sati biyu na ɓata kafin na bar ƙaro, na haɗa kitozan da HPMC, wani sinadari mai kauri da ake sarrafawa daga zaren tsirrai, da ɗan gilisarin.

Gwajin mannewa kuwa, a ƙasashen waje galibi da kuncin alade ake yin sa don kamarsa da na mutum. Ni kuncin rago nake karɓowa daga mahauta da asuba cikin ƙanƙara, ina zaɓen wuri mai santsi, saboda yawancinsa tsiro ne masu tsini. Na gyara ma'auni mai faranti biyu: falle a manne da nama a gefe ɗaya, ina ɗiga ruwa a ɗaya gefen har ya ɓanɓare, sannan in auna ruwan.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne yanayinmu. Fallen da na zuba a watan Janairu, lokacin hunturu, ya bushe ya riƙa karyewa kamar ɓawon ƙwai, wanda na zuba a Agusta da ma'auni iri ɗaya kuma ya sha danshi ya liƙe wa takardarsa. Tun daga nan nake rubuta ɗumi da danshin ɗaki a kowane zubi, ina rufe fallen cikin ledar alminiyom da zarar ya bushe. Magani kuwa ban sa masa ba tukuna, sai na ga falle ɗaya ya jure wa hunturu da damina duka.