Marayan Gentioux

Da sanyin safiya muka bar birnin Limoges na Faransa, ni da wani abokina ɗan Damagaram da ke karatu a can. Hanya ce mai kwana-kwana, daji da jajayen shanu, har muka hau tudun Millevaches. Duk ƙauyen da muka ratsa, ko gefen coci ko gaban ofishin magajin gari, sai ka ga dogon dutse mai tsini an zana masa sunayen mutanen garin da suka mutu a yaƙi. Wani an ɗora masa zakara, wani soja da bindiga, wani an kewaye shi da sarƙa da kwankon harsashin igwa. Sojojin nan kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Abokina ya ce ai biri ya yi kama da mutum: bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, masu zubin ƙarfe littafin samfur suka riƙa rabawa, kowane ƙauye ya zaɓi daidai aljihunsa. Faransa ta rasa sojoji wajen miliyan 1.4, ka ga kuwa kasuwa ta buɗe.

Dutsen ƙauyen Gentioux ne ya fito da mu. Nan babu soja, babu zakara. Mutum-mutumin yaro ne maraya tsaye a gindin dutsen, da rigar makaranta da takalmin katako, hula a hannun hagu, na dama kuma ya dunƙule shi ya miƙa wajen rubutun da ke ƙasan sunaye: "Maudite soit la guerre", wato la'ananne ne yaƙi. Magajin garin lokacin, Jules Coutaud, maƙeri ne, kuma shi ma ya je fagen daga ya dawo. Da aka buɗe wurin a 1922 hukuma ta ƙi halarta, mutanen gari suka yi abinsu. Sai a 1990 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa.

Ni dai mutum-mutumi bai taɓa burge ni ba. A gida mukan binne mamaci ba dutse ba suna, addu'a ce ke bin sa. Amma na kasa ɗaga ƙafa. Na bi sunayen da yatsa, sun haura 50 a ɗan wannan ƙauye, ina cin karo da sunan gida ɗaya yana maimaituwa, ina tunanin uwar da aka yi wa gaisuwa sau biyu.

"Malam, ruwa zai sauko fa," in ji abokina. Shi ne muka nemi inda za mu sha shayi, muka tarar ko'ina a rufe.