Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Buhun Taki da Buhun Masara

A makon jiya mun tsaya a kasuwar hatsi ta Saminaka, a jihar Kaduna. Yau zan ajiye labarin kaina a gefe, domin ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an san yadda manomin masara yake lissafinsa.

Manomi ba da naira yake auna tsadar taki ba. Tambayarsa ɗaya ce: masara nawa zan sayar in ɗauko buhun taki? Hekta ɗaya, idan za a ba ta haƙƙinta, tana cin iri kilo 20, kamfa 15-15-15 buhu 8, da yuriya kusan buhu 3. Kamfa ana sa shi cikin mako biyu da shuka, yuriya kuma a mako na 5 zuwa na 6, a tona a rufe, don idan aka watsa ta a fili rana ta buga, iska ke kwashe amfaninta. Buhu 11 ke nan, kafin a zo maganar huɗa, feshi da 'yan ƙwadago.

A 2017, ƙarƙashin shirin taki na gwamnatin tarayya, an yanka wa buhun kamfa farashin naira 5,500. Amma wasu sinadaran haɗa shi daga waje ake kawo su, har daga Maroko, kuma da dala ake biya. Saboda haka da aka sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, taki ya bi dala. Kafin nan da 'yan kwanaki, ranar 29 ga Mayu, an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Injin ban ruwa fetur yake sha, haka injin casa, haka babur ɗin da ke fito da kaya daga gona zuwa bakin titi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne Yulin 2024, lokacin da aka sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. Hatsi ya sauko, magidanci a unguwannin Rigasa da Tudun Wada na garin Kaduna ya ɗan numfasa, kuma wallahi ya cancanci hakan, don mafi ƙarancin albashi na jihar, naira 72,000, ba ya kai mai iyali ƙarshen wata. To amma manomin Lere, Soba da Giwa ya riga ya sayi takinsa da tsada, sai ga shi yana sayar da masara da araha. An sauko da abin da yake sayarwa, ba a taɓa abin da yake saye ba.

Mai ƙaramin ƙarfi yuriya yake fara yankewa. Ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, goyon ya fito ƙarami, ƙwaya ba ta kai tsinin totuwa ba. Wani kuma ya bar masarar ɗungurum ya koma waken suya ko dawa, tunda ba su cika cin taki ba. Baɗi masara ta yi ƙaranci, mai kiwon kaji ya fara ji a jikinsa, tunda kusan rabin abincin kaji masara ce, daga nan kiret ɗin ƙwai ya tashi, mai koko ta rage ludayi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun bashin taki da dillalai ke bayarwa a biya da masara da kaka.