Hoton lu'ulu'u da kuɗin da ba su dawo ba

Duk wanda ya zauna a shagon zinariya a Yamai ya san tsarin: dillali daga Dubai ya turo hoto ta WhatsApp, dutse na walƙiya, a aika kafin alƙalami. Kafin in bar shago, wannan ne darasin da nake so ƴan baya su riƙe, don shi ya fi tsada.

Ƙyallin cikin hoto aikin fitila ne. Ƙarƙashin ƙananan fitilu masu ƙarfi, ko dutsen da aka yanka da ganganci sai ya yi kyau. Shi kuma mai kyau, hoto kan ci zalinsa: in kyamara ta matso da yawa, inuwarta ta cika tsakiyarsa da baƙi, in ya ɗan karkata, kibiyoyi 8 ɗin nan da ake nema a fuskar dutse, alamar yanka daidai, su fito a murɗe. WhatsApp ma sai ya matse hoton ya shafe gefen fuskoki.

Abin da hoton sama ba ya nunawa shi ne zurfi. Karat 1 giram 0.2 ne, kuma zagayayyen dutse mai yanka nagari faɗinsa milimita 6.4 zuwa 6.5 ne. In ya iso da 6.0, nauyin ya ɓuya a gindi, haske na zuba ta ƙasa, tsakiya ta mutu. Ma'auni zai ce karat 1 cif, ba ka da abin kama dillali. Tun 1919 Tolkowsky, masanin yankan lu'ulu'u, ya ba da lissafin yanka nagari: kusurwar gindi digiri 40.75, ta sama 34.5. Bambancin digiri 1 a gindi ya isa ya dusashe dutse.

Don haka a nemi lambar takardar GIA, cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, a duba kusurwoyin a intanet, in kaya ya zo a gwada ta da wadda aka zana a ƙugun dutsen. A nemi hoton ASET, na'urar da ke nuna hasken dutse da launuka, inda yawan ja ke nuna haske mai ƙarfi na dawowa ido, da bidiyo a inuwa ana juya dutsen.

Sauran ƙanana ne. Lu'ulu'u na kama maiƙon yatsa, a goge kafin a duba. Moissanite, dutse mai kama da lu'ulu'u, na tsallake na'urar gwajin zafi da ake gane jabu da ita.

In mai gida ya ce "hoton ya yi, tura kuɗi", a roƙe shi da ladabi ya faɗa ta saƙon murya, a adana. Ranar da dutse ya iso a dushe, ba daga aljihun mai gida ake cirewa ba.