Wayar Bayan Mita

Laraba, da dare.

Zafin Kano ya kai maƙura. Tun da hantsi mitarmu ta fara kukan nan nata na cewa yunit ya kusa ƙarewa, ga firiza cike da zoɓo da kunun aya ko sanyi ba su gama ɗauka ba. Ina tsaye ina lissafin ciniki sai ga ɗan yayana, wanda ke koyon aikin wayarin, ya shigo gaishe ni.

Ya dubi mitar ya ce, "Gwaggo, duk layin nan ke kaɗai kike wahalar da kanki. Ki bari in yi miki aiki." Ya nuna min da yatsa: za a tsago waya tun kafin ta shiga mita, a bi da ita ta cikin silin zuwa soket ɗin firiza da na dutsen guga. Ƙwai da fanka a bar su a kan mita, tana ɗan tafiya, don kada masu dubawa su yi zargi. Na ce masa abin da sai an ɓoye shi a silin, me sunansa? Ya ce, "Haba Gwaggo, ai wutar gwamnati ce. Kuma su ɗin ba mu wutar suke yi?"

Tambayarsa ta biyu ta taɓa ni, don ni ma a cike nake. Ban manta Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro, muka fi mako a duhu, na zubar da kunun aya bokiti guda ina hawaye. A Afrilun shekarar kuma aka kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta. Talaka yana ji a jikinsa. Amma zancen wutar gwamnati tsohon yayi ne, tun 2013 aka sayar da harkar rarrabawa ga kamfanoni 11. Ko da ma ta gwamnatin ce, dukiyar jama'a ba ta zama tawa don na iya hawa tsani.

Bayan Magariba Baban yara ya kai maganar wurin malaminsu. Ashe wani a zauren har hadisi ya jawo, wai mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Malam ya ce wutar da ake nufi garwashin da kake ɗiba a murhun maƙwabci ne, ka kunna naka nasa bai ragu ba. Lantarki kuwa an kashe dukiya kafin ya iso, daga injinan Kainji da gas ɗin da ake ƙonawa har zuwa falwayar ƙofar gida. Ya ce ko malamai sun yi saɓani kan haddin sata a nan, ba su yi saɓani kan cewa cin dukiyar wani ba da yardarsa ba haramun ne, ya karanto aya ta 29 a Suratun Nisa'i.

Ni abin da ya fi ci min rai ma ba kamfani ba ne. Taransifomarmu ce. Mai walda ya jona kai tsaye, mai injin markaɗe ya jona, masu hita sun jona, kaya ya fi ƙarfinta. Da dare ƙwai sai ya yi ja kamar na aci-balbal, firiza tana gurnani ta kasa tashi. Ranar da ta ƙone kuwa, gida-gida aka bi ana karo-karo. Iya da ke maƙwabtaka da mu, mai ƙwai biyu da rediyo, kuɗin ƙosanta ta kwance daga bakin zani ta bayar daidai da mai walda. Wannan tsohuwar aka yi wa sata, ita da duk mai sayen kati da guminsa.

Na sa wa mita katin da zan iya, na kashe fankar tsakar gida don firiza ta samu. Jibi akwai taro a ƙofar gidan mai unguwa kan gyaran wayar da ta narke a bakin layi. Na roƙi Baban yara ya miƙe ya ce a wannan karon a yanka wa kowa gwargwadon kayan da ya ɗora, kuma a cire sunan Iya daga takardar.