Yadda Na Karanta Gazali Kan Mutuwa Da Zakka A Lokaci Guda

Littafin Ihya'u Ulumiddin na Imam Abu Hamid Al-Gazali ya kasu kashi huɗu, kowane kashi yana ɗauke da littattafai 10, jimla 40. Na biyar a jerin shi ne na sirrin zakka, na arba'in kuma, wanda ya rufe aikin gaba ɗaya, shi ne na tuna mutuwa da abin da ke bayanta. Ni waɗannan biyun na haɗa na karanta tare, babi daga nan, babi daga can, na kuma sa wa kaina sharaɗi: duk abin da na karanta wanda ake iya aikatawa, ba zan wuce shi ba sai na aikata. Wannan sharaɗin ne ya sa karatun ya ɗauke ni lokaci mai tsawo.

Abin da ya sa na yarda da mutumin shi ne tarihinsa. An haife shi a Tus a 1058, kuma a 1091 waziri Nizamul Mulk ya ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai wajen 300 ke zama gabansa. A 1095 ya shiga wani hali da shi da kansa ya bayyana a littafinsa Al-Munƙiz Minad Dalal: ya duba niyyarsa ta koyarwa ya ga neman suna ne da matsayi, ya yi ta jan ƙafa kusan wata shida, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi. Daga nan ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi iyalinsa kawai, ya nufi Sham. Wanda ya saki irin wannan kujera da hannunsa, in ya yi maganar sakin dukiya, dole ka saurara.

A littafin mutuwa, hanyar da ya bayar ba ta da wahalar fahimta. Ya ce ka kawar da komai daga zuciyarka, ka tuno sa'o'inka da suka riga ka, fuskokinsu, muƙamansu, yadda suke tafiya da dariya da tsara abin da za su yi shekaru masu zuwa, alhali saura musu kaɗan. Na riƙa yin haka bayan sallar asuba. Da farko tsoro ne kawai yake zuwa, irin wanda kan bi mutum daga maƙabarta ya sake shi kafin ya isa gida. Sai da na koma kan aya ta 10 a Suratul Munafiƙun abin ya zauna mini: wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a jinkirta masa kaɗan, kuma abin da ya fara ambata shi ne ya yi sadaka. A nan na gane dalilin da littattafan biyu suke tafiya tare. Gazali ya ce dogon buri ne ke sa mutum ya ce sai na gama gini, sai yara sun girma, kuma wannan "sai" ɗin ita ce ke ƙulle hannu.

Aikin farko da na yi shi ne lissafin bashi, wanda ake bina da wanda nake bi, har da ɗan abin da na ranta na manta, da littattafan mutane da suka daɗe a wurina. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma sai ka zauna da biro ka san tsawon naka. Na biya abin da zan iya, sauran na rubuta. Sannan na rubuta wasiyya, saboda hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim cewa bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Ban wuce sulusi ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ban sa magaji a ciki ba. Na sa mutum biyu suka shaida. Na yi zaton zan ji nauyi a ranar, sai na ji akasin haka.

Zakka kuwa lissafinta a fili yake: in kuɗi ya kai nisabi, wato ƙimar misƙali 20 na zinariya, kimanin giram 85, ya kuma shekara, a fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Gazali bai daɗe a nan ba. Inda ya zauna shi ne ladubban ciki guda takwas na mai bayarwa, kuma a cikinsu wanda ya fi girgiza ni shi ne na gori da cutarwa, waɗanda aya ta 264 ta Baƙara ta ce suna ɓata sadaka. A wurinsa asalin gori ba a baki yake ba, a zuciya yake: ka riƙa ganin kai ne mai yi wa talaka alheri, alhali shi ne ya taimake ka da ya karɓi haƙƙin Allah daga hannunka ya wanke ka daga rowa. Sai ya kawo ma'auni. Ka ƙaddara wanda ka ba ya yi maka laifi, ko ya goyi bayan abokin gabarka. In haushin da za ka ji ya fi wanda za ka ji da ba ka taɓa ba shi komai ba, to sadakarka ba ta kuɓuta daga gori ba.

Ban daɗe da karanta wannan ba jarrabawar ta zo. Akwai wani abokin aikina da na taimaka wa lokacin da ɗansa ke kwance a asibiti. Wata rana a taro ya soki shawarata a gaban kowa, kuma da hujja ya yi. Ina zaune, hannuna kan takarda, na ji wata magana ta taso daga ƙirji har maƙogwaro: kai da na yi maka kaza? Ban furta ba. Amma na ji ta sarai, kuma na san sunanta domin na karanta shi kwanan nan. Bayan taro na same shi na ce, "Malam, gaskiyarka, gyaran da ka kawo ya fi." Ya yi murmushi ya wuce, bai san abin da ya gudana ba.

Tun daga nan na canza yadda nake bayarwa. Gazali ya kawo yadda wasu magabata ke saka sadaka a hannun makaho, ko su ajiye a hanyar mabuƙaci, ko su aika ta hannun wani su roƙe shi ya ɓoye sunansu. Na ɗauki ta ƙarshen. Yanzu yawancin abin da nake fitarwa ta hannun wani amintacce yake bi, mai karɓa bai san ni ba, don haka babu godiyar da zan zauna jira. Na kuma daina tara kayan da na gaji da su in kira su sadaka, tunda aya ta 267 ta Baƙara ta hana nufin mummuna a bayar.

Wani abu da ya kamata mai karatu ya sani: a cikin Ihya akwai hadisai masu rauni, har da marasa asali. Hafiz Al-Iraƙi, wanda ya rasu a 1404, ya bi hadisan ya bayyana matsayinsu, kuma bugu da yawa suna ɗauke da aikinsa a ƙasan shafi. Irin wannan bugun na yi amfani da shi, kuma duk inda ya ce hadisi bai inganta ba, ban gina aiki a kansa ba. Abin da ya rage bayan tacewar ya ishi mutum, musamman hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda ka yi kana lafiya, kana son dukiyar, kana tsoron talauci, ba ka bari sai rai ya kai maƙogwaro ka fara cewa a ba wane kaza ba. Saboda shi ne na ɗauki wani ɓangare na abin da na rubuta a sulusin wasiyyata, na fara fitar da shi tun yanzu, wata-wata.