Yaron da bai jefa ko ɗaya ba

Yau da la'asar, a filin ƙwallon kwando na unguwarmu a Yamai, na ga wani yaro siriri wanda bai jefa ko ɗaya a kwando ba, amma shi ya riƙe wasan. Da aka wuce abokinsa, sai ya saki wanda yake tsarewa, ya tare hanya hannuwa a sama, yana kiran na bayansa ya toshe gurbin da ya bari, har ƙwallon ta kuɓuce wa mai ita. Ba wanda ya tafa masa.

Da muka koma fada ana dafa shayi, gardama ta kaure kamar kullum a kan Jordan da LeBron, taurarin ƙwallon kwando na Amurka, ana ta lissafin maki da kofuna, shida na Jordan da huɗu na LeBron. Ni kuwa ƙungiyar Detroit ta 2004 na tuna, wadda ta doke ƙungiyar Lakers ta taurari Shaq da Kobe wasa huɗu da ɗaya a zagayen ƙarshe na gasar NBA ta Amurka saboda tsaron haɗin gwiwa, ɗan wasanta Ben Wallace yana tsaye ƙarƙashin kwando. Jordan ɗin ma ya karɓi kyautar gwarzon mai tsaro a 1988, amma ba a ambata ba. Har yanzu ban san sunan yaron nan ba.